Kuncin Arzika Ya Ƙi Aska

Tsaga goma sha uku da Sarkin Aska Jaɗi ya yi wa Arzika Labbo a fuska sun ɓace cikin kwana tara, ba su bar ko tabo ba. Wannan ne karo na biyu. Arzika, mai shekara hamsin da biyu, ma'aikaci ne a Hasumiyar Rana ta Sabuwar Alƙalawa, kuma shi ne mutum na farko a birnin da aka saƙa wa fuska sukutum.

Abin ya faro ne a watan Maris na 2094. Hasumiyar tana tara zafin rana a cikin narkakken gishiri, da shi ake ba birnin wuta. Wani bututu ya fashe a hawa na arba'in, Arzika yana tsaye gabansa. Fuska da wuya da maƙogwaro duk suka ƙone. Jirgi marar matuƙi ya kai shi Cibiyar Sabunta Jiki cikin minti shida.

A can akwai na'urar da ma'aikata ke kira Masaƙa. Zarenta ƙwayoyin tushe ne, wato ƙwayoyin halittar da ba su riga sun zaɓi abin da za su zama ba. In an nuna musu hanya su zama fata, ko jijiya, ko ƙashi. An ɗebi cokali biyu na ɓargo daga ƙugun Arzika, aka rene shi kwana goma sha ɗaya a ruwa mai ɗumin jiki. Sannan allurai dubu huɗu, kowace ba ta kai kaurin gashin gira ba, suka sauko kan fuskarsa. Sa'a talatin da ɗaya suna kai da kawowa. Waɗanda suka kalla ta bayan gilashi sun ce sun ga jini ya bi sababbin jijiyoyi kamar ruwa ya shiga fadamar da aka buɗe wa kwari. Da fatar ido ta motsa, wata nas ta yi salati da ƙarfi.

Likitar da ta jagoranci aikin, Dakta Morenike Ajao, Bayarabiya ce haifaffiyar birnin. Ita ta miƙa masa madubi.

"To, Bagobiri," in ji ta, "yau na goge maka tambarin da kakannina suka sa muku. Na 'yanta ka. Ina tukuicina?"

"Baiwa ba ta 'yanta ubangidanta," in ji Arzika. Muryar ma sabuwa ce, ta washe, babu dishewar shekara talatin a bakin wuta. Ya yi dariya, ya shafa kunci. Sai dariyar ta tsaya.

Mahaifiyarsa, Inna Ige, shekararta tamanin da takwas, kuma shekara goma sha tara ke nan ba ta gani. Tun da idonta ya rufe, kullum da safe Arzika yakan durƙusa ya gaishe ta, ita kuma ta bi kuncinsa da babban yatsa tana ƙirgawa: bakwai a dama, shida a hagu. Mahaifinsa, marigayi Labbo, da kansa ya riƙe shi ranar suna aka yi masa tsagar, bayan doka ta riga ta hana. Shi ne jariri na ƙarshe da aka tsaga a ƙauyensu.

Ranar da aka sallame shi ya durƙusa gabanta. Ta kai hannu, ta shafa daga gefen baki zuwa kunne. Ta sake shafawa. Ta janye hannun ta sa a cinya.

"Inna, ni ne."

"An faɗa mini."

"Auta ne. Wanda ya fasa miki tulu biyu rana ɗaya."

"Uku," in ji ta. "Na san kai ne, bawan Allah, ban haukace ba. Kaina ya yarda. Hannuna ne bai san ka ba, kuma shi kaɗai ya rage mini."

Daga ranar ba ta sake ce masa Auta ba. Takan amsa gaisuwa, ta tambayi aiki, ta sa masa albarka irin wadda ake sa wa baƙo.

Shi ya sa ya nemi Jaɗi, tsohon wanzamin da ya ajiye aska shekaru da yawa. Doka ta hana tsaga jarirai ne, ba ta ce komai kan magidanci ba.

"Gemu da furfura za ka zo mini ranar suna?" in ji Jaɗi. "Ina ragon?"

Ya yi aikin da hannun da bai manta ba, ya cusa baƙin tukunya a kowane layi yadda aka gada. Kwana uku fatar ta haɗe. Kwana na shida ta turo baƙin waje, kamar zufa. Kwana na tara Jaɗi ya juya fuskar gaban hasken rana, ya duba dama ya duba hagu.

"Allahu akbar," in ji shi. "Shekara sittin ina yanka mutane, ban taɓa ganin nama ya musa mini ba."

Ya sake gwadawa, ya zurfafa askar. Haka aka kuma.

Dakta Ajao ta bayyana dalili a rahotonta. Masaƙa tana barin wasu ƙwayoyin tushe a ƙarƙashin sabuwar fata don su yi gadi. Da an ji rauni sai su duba tsarin da ke rubuce a cikinsu, su mayar da wurin yadda yake. Tsarin ya san hancin Labbo da goshin Ige. Bai san aska ba. Ana iya kashe masu gadin a kunci kawai, amma a gwajin da aka yi, fata ɗaya cikin biyar ta mutu bayan haka.

Arzika ya sa hannu yana neman a kashe su. Maganar ta je gaban Kwamitin Ɗa'a na cibiyar, mai likitoci huɗu da malamai uku. Tun farko kwamitin ya halatta Masaƙa ne saboda ƙwayoyin daga jikin majinyaci ake ɗibarsu, ba daga ɗan tayi ba. Wannan karon suka rabu. Wani malami ya ce askar ce ta sauya halitta tun farko, na'urar ta mayar da ita ne kawai, don haka a bar ta. Wani ya ce faranta wa uwa ba ƙaramin abu ba ne. Wani likita ya tambaya ko an taɓa jin asibiti ya warkar da mutum sannan ya koya wa jikinsa riƙe ciwo.

Dakta Ajao ta je wajen Inna Ige da kanta da wata shawara. Ta durƙusa, ta ɗaga murya.

"Inna, idonki ma zai saƙu. Mako biyar. Ki gan shi da kanki."



"'Yar nan, fuskar da za ki nuna mini, na taɓa ganinta?" in ji tsohuwar.

"Kin gan ta. Kwana bakwai, kafin a yi suna."

Inna Ige ta nemi Arzika ya matso. Ta ɗora tafin hannunta gaba ɗaya a kuncinsa, ba yatsa ba, yadda ake tallafar kan jariri. Ba ta ƙirga ba. Ta kuwa jima.

"Laushin dai shi ne," in ji ta.

Ba ta ce Auta ba. Kwamitin zai sake zama ranar Alhamis, kuma Arzika bai janye buƙatarsa ba. Takardar aikin idon tana ƙarƙashin matashin Inna Ige. Har zuwa safiyar yau ba ta dangwala mata yatsa ba, ba ta kuma bari a mayar da ita ba.