Bahon da Aka Cika Babu Mai Shi

Wani ne ya cika bahon nan, kuma ya san kansa. Ko mai shara ce, ko mai gadi, ko ɗaya daga cikin 'yan matan nan masu farin kaya da ba sa ɗaga kai daga waya, oho. Amma ruwa ba ya toshe magudana da kansa ya hau baho. Wai dabara aka yi: famfo yana yawan ɗaukewa, bari a tara tun da safe. Dabarar banza! Ungozomar asibitin ta faɗa har bakinta ya gaji, ba a sakar wa bahon haihuwa ruwa sai mai naƙuda tana tsaye a bakinsa. In baho ya wuni a cike, ɗaki a rufe, babu mai shi, to wata za ta zo ta ce nata ne.

Kan Auta abin ya faɗa. Tela ce, cikin fari, mace mai ƙaramin jiki da babban baki. Tun bayan azahar take safa da marwa a dogon barandar asibitin, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana bin bango, yayarta na biye da ita da mafici.

"Sista, don girman Allah ki sa ni a ruwan nan," in ji Auta da ungozoma ta zo wucewa. "Ba shi kika yi ta yaba mana a wajen awo ba?"

"Shi ne, amma ba yanzu ba. Kan bai sauko ba. Kika shiga tun yanzu naƙudar kwanciya za ta yi. Taka dai, Auta, in lokaci ya yi ni da kaina zan tara miki."

"Ruwa kuma!" Yaya ta taɓe baki. "Ke kifi ce? Mu duk namu da yawo muka sauke su."

"Yaya, ke kin haifa kin manta. Ni ce nake ji."

Maigidan Auta ya leƙo ta taga, waya a hannu, duk ya yi wujiga-wujiga. "Ai na karanta a nan, ruwan ɗumi yana rage ciwon sosai."

"To kai da wayar taka ku shigo ku haifa mana," in ji Yaya.

Auta ta cije leɓe. Wannan ya ce taka, wancan ya ce shiga, kowa ya zama gwani a kan bayan da ba nasa ba. Ita kuwa ji take kamar ana raba ƙugunta da zarto.

Rana ta yi ja. Aka kira ungozoma da gudu, wata a ɗakin farko tana zubar da jini. Aka aiki maigidan sayo auduga. Yaya ta ajiye mafici ta ce bari ta yi alwala, yanzu za ta dawo, kada Auta ta kuskura ta zauna.

Barandar ta yi tsit. Ba a kunna fitila ba tukuna. Sai warin maganin goge ƙasa, sai ƙarar silifas ɗinta, fat, fat, fat. Daga nesa ladan ya ɗaga murya.

Ta kai ƙarshen barandar za ta juyo, ciwon ya kama ta. Ta dafa ƙofar ƙarshe don kada ta faɗi. Ƙofar ta buɗe a hankali.

Ɗakin bahon ne. Ga shi nan fari, faffaɗa, cike taf da ruwa, tururi na tashi a kansa. Ɗakin ba ya warin magani. Ƙarnin bakin kogi yake, laka da gansakuka. Wata mace cikin farin kaya tana durƙushe a gefen bahon, ta ba ƙofa baya, tana juya ruwan da hannu.

Ruwan yana juyawa, amma ba ya ƙara.

"Shigo, 'yar'uwa," in ji matar, can ƙasa-ƙasa. "Kin wahala."

"Sista ce ta ce a tara?"

"Shigo dai."

Da Auta tana cikin hankalinta da ta tsaya. Amma haushi ya cika ta. Kowa ya faɗi nasa yau, bari ita ma ta yi nata. Ta zame silifas, ta tattare zane, ta riƙe bakin bahon, ta tsoma ƙafar dama har gwiwa.

Ciwon ya ɗauke.

Ɗif, kamar an kashe keken ɗinki. Bayanta ya saki, ƙugunta ya saki. Ta lumshe ido, hawayen daɗi ya zubo mata.

"Kin ji ko?" matar ta raɗa. "Sako ɗayar."

Auta ta ɗaga ƙafar hagu. Sai ta tsaya.

Abin cikinta, wanda ya wuni yana dukanta da gwiwa da kai, ya yi shiru. Ta shafa cikin. Ya yi laushi. Ya yi sauƙi.

Ta dubi matar.

Har yanzu ba ta juyo da fuska ba. Amma farar rigarta, wadda ɗazu take a sake, ta soma ɗamewa daga gaba. Tana tasowa. Tana cika.

Matar ta kama ƙugunta da hannu ɗaya ta yi nishi.

"Wash, bayana!"

Da muryar Auta ta faɗa.

Ɗaya hannun matar yana cikin ruwa. Auta ta ji shi a idon sawunta. Yatsu masu sanyi, dogaye, sun zagaye ƙafar sun sake zagayowa.

"Bar min nauyin," in ji matar. "Ke kin gaji. Ni na daɗe ina jira."

Auta ta buɗe baki ta kira Yaya. Iska ce kawai ta fito.

Ta ja ƙafar. Kamar an dasa ta.

Cikinta ya ƙara saɓulewa. Ɗaurin zanenta ya yi sako-sako.

Can ƙasan bahon, babban yatsanta ya taɓa wani abu. Sarƙa ce, siririya, ta toshiyar magudana. Ƙafar tela ce fa, wadda ta saba taka keke daga safe har yamma. Ta maƙale sarƙar tsakanin yatsu.

"A'uzu billahi," ta fizgo daga maƙogwaro. "Ba ni ciwona. Kayana ne!"

Ta finciko.

Magudanar ta buɗe da wani irin kuka, rabi na ruwa, rabi na mace. Yatsun suka zame ɗaya bayan ɗaya. Matar ta juyo, Auta kuwa ta runtse ido, har yau ba ta san fuskar da ta tsallake ba.

Ciwon ya dawo mata gaba ɗaya, kamar an sara ta da gatari. Abin cikin ya yi wata irin harbawa a ƙarƙashin haƙarƙarinta. Tunda take ba ta taɓa murnar azaba irin ta ranar ba. Ta faɗo waje da rarrafe, ta kama bango, ta miƙe, ta taka. Tana kuka tana takawa.

A tsakiyar barandar ungozoma ta ci karo da ita. Ta dubi jiƙaƙƙiyar ƙafar, ta dubi ƙofar ƙarshe a buɗe, fuskarta ta sauya.

"Wa ya cika? Na ce wa ya cika bahon nan!"

Babu wanda ya amsa. Har yau babu.

Auta ba ta kai gado ba. A tsugune ta haihu, tana riƙe da wuyan Yaya, wadda ta dawo a guje, bakin nan nata ya mutu sai salati. Mace aka samu, lafiyayya.

Bahon yana nan, ana ta haihuwa a cikinsa, mata suna fitowa suna sa masa albarka. Toshiyar ce dai ta koma aljihun ungozoma, ba ta ba kowa. Auta kuma da ƙafar hagu take taka keke yanzu, don ta dama ba ta sake yin ɗumi ba daga gwiwa zuwa ƙasa. A gidanta ba a barin ruwa a buɗe, ko famfo zai yi sati bai zo ba. Domin yarinyar, in ana yi mata wanka, ba uwarta take kallo ba. Cikin roba take leƙawa, ta yi dariya, ta miƙa hannu biyu a ɗauke ta.

Kai da kake taɓe baki kana cewa zafin naƙuda ne ya juya mata kai, abin ai mai sauƙi ne. Cika baho da safe, ja ƙofa. In rana ta faɗi ka shiga kai kaɗai, ka tsoma ƙafa ɗaya. Ɗaya tak. In ka fito, zo ka ce ƙarya ne.