Babin da Rehana Ta Ƙi Karantawa

Ranar Alhamis ce, magariba ta faɗi da wuri kamar yadda take yi a garin Batley, can ƙasar Turawa, idan sanyi ya shigo, Rehana Loonat tana kicin tana murza gurasar roti da ƙarfin da ya wuce abin da ƙullun yake buƙata. Mijinta Yakub bai dawo daga masana'antar katifa ba. 'Yarsu Sabiha tana sama a ɗakinta. Gidan ya yi shiru, irin shirun da ya zauna musu tun da aka rufe laburaren asibiti aka sallami Rehana, don ba a cika jan mai fushi da hira ba. Sai wani abu ya taho daga saman bene, yana bugun matakala ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ya tsaya a bakin ƙofar kicin. Littafi ne ƙato na cututtukan ƙashi, wanda ko namiji sai ya sa hannu biyu kafin ya ɗaga.

Ta ɗaga murya ta tambayi Sabiha ko hauka take yi. Ta hau da fulawa a hannu, ta tarar da yarinyar zaune a bakin gado cikin duhu, hannuwa a cinya, tana kallon kwalayen littattafan da aka jibge mata a ɗaki. Kwalayen suna nan a manne da salatif yadda aka kawo su, ba wanda aka buɗe. Rehana ta yi faɗa har ta gaji, Sabiha ba ta ko kalle ta ba.

Abin da ya kawo kwalaye ɗakin yarinya 'yar shekara goma sha shida shi ne wannan. Rehana ta haura shekara ashirin tana riƙe da laburaren ma'aikata a ƙarƙashin ginin asibiti. Likita na neman sabon bincike a kan wani magani, ita ke tono masa. Ɗalibar jinya ta zo tana kuka jarrabawa gobe, ita ke zaunar da ita ta nuna mata inda za ta duba. Duk ranar Alhamis da yamma kuma akwai ƙungiyar karatu ta ma'aikata, nas-nas da masu tura gadon marasa lafiya da wata mai harhaɗa magani. Ƙa'ida ita ce kowa ya karanto babi daga gida a zo a tattauna, amma ba wanda ya taɓa karantowa. Sai ya zama ita ke buɗe littafin ta karanta musu da murya, suna cin biskit, kafin shafi na biyu rabinsu sun cire takalmi sun yi barci. Ba ta taɓa jin haushin wannan ba, ta san tun asuba suke a tsaye.

Rana ɗaya manya suka ga ɗakin ya fi dacewa da ofis. Abin da ya fi ƙona mata rai, ita aka sa ta rubuta sanarwar rufewar a takardar labaran laburare da take fitarwa duk wata, aka kuma ce ta sa mata kanun albishir, wai an inganta hidima, yanzu komai yana cikin kwamfuta. Ranar zama da shugabanni ta duba kujerun da ke bayanta, babu mutum ɗaya daga masu cin biskit. Wata ta dai aiko da kati mai hoton fure. Saura babi ɗaya su ƙare littafin da suke kai, labarin wani mai tsaron fitilar hasumiyar bakin teku da ƙanensa da ya ɓata a ruwa. Rehana ta rufe shi ta rantse da Allah ba ta ƙara buɗe baki ta karanta wa wani ɗan adam ko layi ɗaya. Ta sa Yakub ya aro mota suka kwashe littattafan daga bolar asibiti inda aka zubar da su, da falo ya ƙi ɗauka aka hau da su ɗakin Sabiha, ba wanda ya tambaye ta.

Daga wannan magaribar abin bai tsaya ba. Da rana gidan lafiya lau. Da haske ya fara janyewa sai a ji tsakuwa na zuba a rufin kicin, Yakub ya fita lungu da tocila bai ga kowa ba sai kwandunan shara da ruwan sama. Littattafai suna fita daga kwalayen da ba a buɗe ba, a same su a cikin bahon wanka, a kan darduma, wani a cikin tukunyar shinkafa. Sabiha ta daina zuwa makaranta, ta daina cin abinci sai an ɗura mata shayi, wuyanta ya fito. Ranakun Alhamis sun fi muni.

A Alhamis ta uku suka ji muryar. Suna zaune a falo, sai daga sama wani ya fara karatu, a natse, da tsayawa inda ake tsayawa. Yakub ya juyo ya kalli matarsa, domin muryarta ce sak, har da ɗan gyaran maƙogwaron da take yi kafin sabon shafi. Muryar ta kai inda mai tsaron fitila ya hango wani haske a kan ruwa, ta tsaya cak. Sai aka maka wani abu a ƙofa da ƙarfin da ya girgiza gilashin taga, muryar ta koma baya kaɗan ta sake farawa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya.

Rehana ta san layin, shi ne na ƙarshe da ta karanta a ƙarƙashin asibiti. Amma fushi ya hana ta yarda da abin da kunnenta ya ji. Ta ce yarinyar ce ta saci littafin tana kwaikwayon ta don ta ci mata fuska. Aka kai Sabiha likita, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai, ba a ga komai ba. Rehana ta zauna gaban kwamfuta ta tono duk binciken da aka taɓa yi a kan irin wannan, aikinta ne, ta iya, ba ta sami wanda ya yi bayanin tsakuwa a rufi ba. Yakub mutum ne mai haƙuri har ana masa kallon sakarai, amma ranar da ya ɗauki 'yarsa zai kai ta banɗaki ya ji ba ta da nauyi, ya sauko ya tsaya a kan matarsa.

"Rehana, ki yi fushi da asibiti, ki yi da ni, duk na ɗauka. Amma yarinyar nan mutuwa take yi a gabanmu. Gobe zan kawo Maulana, ko kin so ko kin ƙi."

Maulana Ravat tsoho ne mai koyarwa a masallacin unguwa, ya zo bayan la'asar ranar Alhamis da ƙaton kwat a kan doguwar rigarsa, yana haki saboda matakala. Bai yi dogon tambaya ba. Ya ce iyayen su zauna a ɗakin, uwar ta riƙe hannun 'yarta, shi ya ja kujera gefe ya fara karatun Alƙur'ani. Haske yana raguwa a taga, ɗakin yana ƙara sanyi duk da na'urar ɗumama tana kunne. Ya daɗe yana yi. Can sai salatif ɗin kwalayen ya fara ɓallewa shi kaɗai, Sabiha ta miƙe zaune, wata murya mai kauri ta tsohon namiji ta fito daga bakinta ta ce ya isa, ana ƙona shi.

Maulana ya tambaye shi ko shi wane ne, daga ina. Ya ce sunansa ba zai amfane su ba. Ya ce yana ƙarƙashin ginin nan tun ana ajiye matalauta a cikinsa, kafin ya zama asibiti, bai taɓa jin komai ba sai nishi da tari, har ranar da matar nan ta fara karatu. Wurinsa bayan kantar littattafai ta ƙarshe ne kusa da bututun ruwan zafi. Bai taɓa fashin Alhamis ba, bai kuma taɓa barci ba. Da aka kwashe littattafan ya biyo su, don ya ji ko ƙanen nan ya dawo.

Nan Rehana ta saki hannun 'yarta ta miƙe. Tsoro ya kamata ya kama ta, amma abin da ta daɗe tana haɗiya ne ya taso.

"Kai ma ɗan ƙungiyar ne ashe. To ina kake ranar da aka rufe? Ka iya jifa, ka iya fasa ƙofa, me ya hana ka hau ofishinsu ka jefe su? Sai gidana, sai 'yata? Duk halinku ɗaya, ku ci biskit ku ɓace."

"Na jefe su," in ji muryar, ita ma a fusace. "Na kifar da kujeru, na tsinke fitilu. Suka ce bututu ne ya tsufa, suka turo mai gyara. Mutanen nan ba sa jin komai sai abin da aka rubuto musu."

Yakub ya kama hannun matarsa, ta fizge. Ta ce to ita ce ta rufe littafi, ita ce ta yi rantsuwa, me yarinyar ta yi masa da zai shige ta.

"Ke na fara gwadawa. Babu wuri, fushi ya cika ko'ina. Ita kuwa a buɗe na same ta. Na ɗauka 'yar mai karatu ta ƙoshi da labari, zan sami ƙarshen a cikinta. Na duba ko'ina, ban sami labari ko ɗaya da muryarki ba. Abin da na samu, yarinya tana cin abincin Alhamis ita kaɗai a gaban talabijin."

Rehana ta koma ta zauna a bakin gadon.

Maulana ya tambayi aljanin abin da zai sa ya fita. Ya ce a karanta masa duk abin da ke cikin kwalayen, kowace Alhamis, shi kuma ya zauna a jikin yarinyar bai dame ta ba. Maulana ya ce jikin 'yar mutane ba kujerar laburare ba ce, ya koma karatu da ƙarfi har Sabiha ta sandare, muryar tana ihu tana rage buƙata, daga kwalaye zuwa kwali ɗaya, daga kwali zuwa littafi. A ƙarshe suka tsaya a kan babin da ya rage, aljanin kuma ya rantse da Wanda ya halicce shi daga wuta cewa zai fita, ba zai dawo gidan ba, ba zai taɓa kowa nasu ba. Rehana ta ce a hankali ta yi rantsuwa ba za ta karanta ba. Maulana ya dube ta ta saman tabarau ya ce rantsuwa irin wannan kaffara ake yi mata, ta ciyar da mabuƙata, Allah bai ce ta riƙe ta har ta binne 'yarta ba.

Littafin yana saman kwalin farko, takardar da ta sa alama tana nan a wurinta. Rehana ta fara karatu tana jefa kalmomin kamar zagi. Shafi biyu, uku, muryar ta sauka da kanta ta koma yadda take. Yakub ya jingina da bango. Idanun Sabiha a buɗe suke, ba sa ƙiftawa, wani ne yake sauraro daga bayansu. Hasken da mai tsaron fitila ya hango jirgin ƙanensa ne, ruwa ya dawo da shi fitila na ci, babu kowa a ciki. Ya ja shi bakin gaɓa ya ɗaure, ya koma ya hau hasumiyarsa, littafin ya ƙare a nan.

"Shi ke nan?" in ji muryar. "Bai dawo ba? Marubucin nan bai kyauta ba, ya ja mu duk wannan nisa a banza."

"Da ya dawo da ƙarya aka yi maka," in ji Rehana, ba ta ɗago ba. "Abin da ruwa ya ci ba ya dawowa. Ka ji naka, fita daga jikin 'yata."

Ya yi gunaguni kaɗan, ya ce duk da haka ta iya karatu. Maulana ya umarce shi ya bi ta yatsan ƙafar hagu. Ƙafar ta yi rawa, ta miƙe, ta saki. Wani littafi da ke gefen kwali ya zame ya faɗi ƙasa, bayan wannan ba a sake jin komai ba sai ruwan sama a taga, ɗumi ya fara dawowa ɗakin.

Sabiha ta yi barci kaɗan, ta farka ta nemi ruwa da muryarta ta gaske, siririya, a dishe. Yakub ya sauka da Maulana yana share ido da hannun riga. Rehana ta ba ta ruwan, ta gyara mata filo, ta ɗauki littafin za ta jefa shi cikin kwali. Yarinyar ta riƙe mata gefen riga.

"Mami, wane ne wanda ya ɓata ɗin? Ina jin ki daga nesa, amma ƙarshen kawai na samu. Ban ji farkon ba."

Rehana ta daɗe a tsaye. Duk mutanen da ta kwashe watanni tana zagi a zuciyarta suka fita daga ranta, ba wanda ya rage ta ji wa haushi sai ita kanta. Ta zauna, ta buɗe shafin farko, ta gyara maƙogwaro. Sabiha ta matsa ta ba ta wuri a kan gadon, ta jira.