Wa Ke Kunna Hita da Azahar?

"Wa ke kunna hita da azahar?"

Gimbiya ta ci gaba da ninke kaya, ko kai ba ta ɗago ba. "Yallaɓai, sannu da dawowa."

"Tambayarki nake yi!"

Tun ranar da ya maƙala wa gidan na'urar nan mai nuna masa a waya yawan wutar da ake sha, mijin nata ya zama ɗan sandan ƙwan fitila. Ko fanka aka bari tana juyi a ɗakin da ba kowa, sai ya bugo daga ofis. Ita dai dariya take yi ta kashe.

To amma wannan daban ne. Kullum da azahar sai ya ga wuta ta yi tashin gwauron zabi, alhali lokacin ya kamata a ce tana shagon ɗinkinta. Kuma ita ba ta wanka da ruwan zafi.

"Don Allah ka bar maganar nan..." ta ce a hankali.

Bakinsa ya bari, zuciyarsa ta ƙi. Yana son yarinyar nan kamar ransa. A kanta ya ɓata da mahaifinsa, wanda ya ce ba tarbiyya gare ta ba, ya ƙi halartar aurensu. Ashe tsohon ya hango abin da shi bai hango ba?

Washegari wayar na nuna an kunna hita, ya baro ofis a guje. A ƙofar falo ya tarar da takalmin namiji. Idonsa ya rufe, ya banka ƙofa.

"Yau asirinki ya to..."

Mahaifinsa ne zaune a kujera, ya rame, kumburarrun ƙafafunsa cikin robar ruwan zafi. Gimbiya na durƙushe tana gasa masa su da tawul.

"Baba?!"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "A bakin asibiti ta tsince ni, na kasa hawa mota. Tun ranar take baro shago saboda ni. Ni na roƙe ta kada ta gaya maka. Kunya nake ji."

Gimbiya ta miƙe, hawaye na bin kumatunta. "Namiji ka zo kamawa, ko?"

"Gimbiyata... wallahi ni..."

"Ni ka yi wa wannan zaton?"

Ta matse tawul ɗin, ta ɗora masa a hannu.

"Ruwan ya fara hucewa. Ka ƙarasa wa Baba."

Ta shige ɗaki. Yana ji ta murɗa makulli, sai kukanta ya biyo baya. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya durƙusa gaban robar. Tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Ni na zarge ta ne tun ban san ta ba," ya ce. "Kai fa, mene ne hujjarka?"