Nauyin Akwatin Wuta

Ƙarfe goma na safiyar Laraba aka bugo waya caji ofis, cewa wata budurwa ta mutu a ɗakinta a Agege, hannunta a jikin kwamfuta.

Insifekta Fagbenro aka tura, kuma da ma wa za a tura? Shekara talatin da uku yana sanye da kaki a Legas. An harbe shi sau biyu, motar sintiri ta taɓa kifewa da shi a kan gada, waɗanda suka shiga aiki tare duk ƙasa ta rufe su, shi yana nan daram. Karatunsa bai wuce na rubuta rahoto ba, kwamfuta kuwa ko kunna ta bai iya ba. Amma duk fayil ɗin da ya gagari masu digiri, teburinsa yake dawowa.

Sunan marigayiyar Wuraola, shekararta ashirin da biyu. Ta goge ɗaki, ƙasa da lema, ba takalmi a ƙafarta, ta dafa ƙarfen kwamfutar za ta gyara mata zama. Shi ke nan.

"Shekara biyu tana kitso tana tarawa," in ji uwarta. "Wai gasar wasan kwamfuta za ta shiga. Na ce wasa ai na yara ne, ta ce Mama, za ki gani. Kwana uku kacal da kawo kwamfutar."

A bango akwai takarda da rubutun yarinyar. Sajan Etim, wanda ya ɗan san harkar, ya karanto. Katin hoto, na hannu. Ƙwaƙwalwa, ta hannu. Gidan kwamfutar ma na hannu. Akwatin wuta kaɗai ta rubuta sabo, ta ja masa layi biyu.

"Me ya sa shi kaɗai?" in ji Fagbenro.

"Oga, shi ke karɓar wutar gida ya rage mata ƙarfi ya raba wa sauran. Mai ƙaramin ƙarfi yakan zuba kuɗinsa a katin hoto, ya yi rowa a nan. Ita ba ta yi wannan wautar ba."

"To ga shi ta mutu. Kwance shi, mu tafi da shi."

A kasuwar kwamfuta ta Ikeja labari ya riga su isa. Sun tarar 'yan kasuwa sun yi wa Somto, wanda ya haɗa mata kwamfutar, zobe, rigarsa a yage. Da ƙyar Etim ya fizge shi.

"Kai ka haɗa?" Fagbenro ya tambaye shi.

"Ni ne, Oga. Amma haɗawa kawai na yi."

"Akwatin wutar fa?"

"Ita ta sayo abinta a shagon Oga Adigun. Ni ban je ba, ban ma san lokacin ba."

Idonsa na kan takalmin insifekta yana faɗa. Fagbenro ya sa aka kai shi mota.

Adigun dattijo ne mai shago hawa biyu, da faɗa-a-ji a ƙungiyar layinsu. Ya ba insifekta kujera, ya aika a sayo lemo.

"Sabo fil na ba ta, Baba. A gabana yaron nan ya ɗaga shi, ya jinjina, ya ce ta saya."

"Ya ce bai zo ba."

"Sai ya faɗa mana! Ka tambayi kowa a layin nan, akwatin wuta da hannu ake gane shi. Mai kyau cike yake da jan ƙarfe, zai ja maka hannu ƙasa. Na banza kamar fankon ashana. Ni tun ina saurayi nauyi nake bi, bai taɓa yaudarata ba. Yaron ya je ya musanya, ya sa mata bola."

A ofis Dipi'o, shugaban caji ofis ɗin, ya ce magana ta ƙare, gobe a kai Somto kotu da laifin kisa. Fagbenro ya roƙi a ba shi zuwa la'asar.

Ya sa Etim ya kwance akwatin a kan tebur. Ciki wayam, 'yan wayoyi sirara da allo ƙonanne. A gefe guda an manna wani dunƙule naɗe da tef rawaya. Etim ya kankare shi da wuƙa, gari ya zubo.

"Siminti ne, Oga."

Aka fito da Somto daga sel. Aka nuna masa simintin.

"Na yi ƙarya," ya ce. "Ni na raka ta. Ni na jinjina shi, na ce ƙanwata, wannan ko jikokinki za su gada. Tsoro ne ya sa na musa. Amma na rantse ban canza komai ba."

"Rantsuwa kam na sha ta, yaro. Wanda ya harbe ni ma ya rantse."

Fagbenro ya zauna yana ɓare gyaɗa, yana kallon dunƙulen. Can ya miƙe ya ce a zo da mota.

A tsakiyar layin su Adigun ya sa aka ajiye benci, aka jera sababbin akwatunan wuta uku da aka aro daga wata kasuwa. Ya tara masu shaguna, ga Somto da ankwa a gefe.

"Ni jahili ne, ku ne masana. Jikana nake so in saya wa ɗaya. Kowa ya zo ya zaɓar mini wanda ba zai kashe shi ba."

Labarin siminti bai fita daga ofis ba. Na farko ya zo ya ɗaga ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya jinjina, ya nuna na tsakiya. Na biyu haka. Wata mai shago har da rufe ido. Mutum tara, kowa hannunsa ya tambaya.

Adigun ya zo ƙarshe, yana murmushin manya. Bai ɗaga ko ɗaya ba. Ya ciro waya ya kunna fitila, ya sunkuya yana leƙen ciki ta ramukan fanka, ɗaya bayan ɗaya.

"Oga Adigun, me ya faɗa ciki?"

"Dubawa nake, Baba."

"Ɗazu ka ce nauyi bai taɓa yaudararka ba. Mutum tara sun auna da hannu. Kai kaɗai ka san hannu yana ƙarya. Wa ya gaya maka?"

Adigun ya kashe fitilar.

Etim ya hau benen shagon da kofur biyu. Ba su daɗe ba suka sauko da rabin buhun siminti, da gwangwanayen madara da ake zuba shi ya daskare, da tef rawaya, da damin takardun manna masu sunan manyan kamfanoni.

Adigun ya zauna a kan bencin, hularsa a hannu.

"Kowa yana son mai kyau a kuɗin na banza," ya ce a hankali. "Na ɗauka iyaka ya ƙone a wata shida su dawo. Wallahi ban yi nufin rai ba. Ta ma tambaye ni sau biyu, Baba, sabo ne? Na ce 'yata, ji nauyinsa."

Aka cire ankwa daga hannun Somto, aka maƙala wa Adigun. Somto bai motsa daga inda yake ba, yana ta kallon tafin hannunsa.

Sun kai bakin mota, Fagbenro ya tsaya, ya juyo wurin Adigun.

"Guda nawa ka sayar?"

"Tun Janairu... sun haura sittin."

"Wa da wa?"

"Ban riƙe ba. Rabin layin nan a wurina suke sari."

Aka tura shi ciki, aka rufe ƙofa. Motar ba ta kai bakin titi ba, masu shaguna suka ciro wayoyi. Ko'ina a layin magana ɗaya ake ji, kowa da wanda yake kira:

"Kana gida? Kar ka taɓa kwamfutar nan. Je ka zare daga bango tukuna, sai in yi maka bayani."