Waken Kawu Ladan

Amatullah na durƙushe a tsakar gidansu da ke Tunga tana wanke shinkafa, sai ga sallamar Hajiya Kubura, mahaifiyar Zakiyyu, saurayin da saura wata biyu a ɗaura musu aure. Daga jin sallamar ka san ba lafiya ba.

"Ba zama ya kawo ni ba," ta ce da Umma, mahaifiyar Amatullah. "'Yarki na zo tambaya. Ƙanena Ladan za ta tozarta a gaban leburori? Buhu ashirin na wake ya kai kicin ɗin jami'a, ta ce a juya da mota! Tun ba ta shigo gidanmu ba ke nan!"

Amatullah ta ce, "Hajiya, don Allah ki yi haƙuri, waken ne akwai—"

"Rufe min baki! Ke da aka tura koyon aiki na wata shida, ke ce mai kicin ɗin? Ki je ki sa hannu a karɓa, ko kuwa a manta da maganar biki."

Ta juya fuu ta fice. Amatullah ta bi ƙofa da kallo, hawaye na ɗiga cikin ruwan shinkafar.

To, ga yadda abin ya faro. Kimiyyar abinci take karanta, aka tura ta sashen sayayya na kicin ɗin jami'a. Farkon zuwanta kasuwa, takarda a hannu, biro a bayan kunne, ji take babu abin da ba ta sani ba. 'Yan kasuwa kuwa suka sauke mata wannan girman kai cikin sati guda. Mai tumatir ya koya mata a zazzage kwando a ga na ƙasa. Wani mai doya a kasuwar Garatu ya yi mata dariya har da riƙe ciki da ta zaɓi wankakkiya, ya ce wadda ke da ƙasarta ita ke daɗewa a sito. Amma babbar malamarta Mama Jummai ce, dattijuwa 'yar Gbagyi mai sayar da hatsi a Kasuwar Kure.

"Kai yarinya, ajiye biro," in ji ta da irin Hausarta. "Wake a tsakiyar damina, babu huda, babu ƙwaro ko ɗaya? Ko an rufe shi a buhu mai leda, ko an zuba masa fiya-fiya, maganin ƙwari. Damƙe a hannu, hura masa numfashi, ka shinshina. In magani ne, za ka ji."

Haka Amatullah ta yi wa waken Kawu Ladan, fari tas gwanin kyau. Tana buɗe hannu warin maganin ƙwari ya doki maƙogwaronta. Ta tuna ɗaruruwan ɗaliban da ke layi da faranti kullum, ta rubuta cewa bai dace a ci ba. Shugabar sashen ta shinshina ita ma, ta amince.

Da la'asar ɗin ranar da Hajiya ta zo, Zakiyyu ya iso zaure, fuska ba walwala.

"Amatu, kin tabbata? Kawu ne fa ya riƙe ni tun rasuwar Baba. Shi ne waliyyina."

"Na sani. Wallahi sori, Zakiyyu, ina son ka, ina tsoron rasa ka har ba na iya cin abinci. Amma in na sa hannu wani ya kwanta asibiti, da wane ido zan dube ka?"

Ya tashi ya hau babur ya tafi.

Kwana goma babu kira, babu ko saƙo. Kai, maza! Ka bar yarinya tana duba waya kamar mai jiran sakamakon jarabawa? Ƙawaye suka ce ta cika taurin kai. Umma kanta ta fara karaya: "'Yar nan, sa hannu ɗaya ne fa." Amatullah ta yi kuka ta gode Allah, kullum kuma da safe ta hau keke-napep ta tafi aiki. Ko sau ɗaya ba ta faɗi mummunar kalma a kan Hajiya ba.

Ashe Zakiyyu tunani yake. Ya san in ya yi musu da mahaifiyarsa cewa za ta yi an shanye shi. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Kawu Ladan ya biyo gidan yayarsa kamar yadda ya saba. Zakiyyu ya fito da kwano cike da wake ya ajiye a gabansu.

"Hajiya, daga buhunan nan da aka dawo da su na ɗebo. Tunda lafiyarsa ƙalau, a yi mana alale yau. Kawu ma ya tafi wa yara da shi."

"Yawwa!" in ji Hajiya. "A ci, a ga ƙaryar yarinyar nan." Ta miƙa hannu za ta ɗauka.

Caraf Kawu ya riƙe kwanon. "A'a, Yaya! Kada a dafa wannan. Sai ya sha iska wata biyu ko uku tukuna."

Hajiya ta dube shi, ta dubi waken, muryarta ta yi ƙasa.

"Ladan, naka 'ya'yan ba za su ci ba. To na mutane fa?"

Kawu ya sunkuyar da kai, gumi na keto masa.

Washegari Hajiya ta koma Tunga da ƙafarta. Amatullah ta durƙusa za ta gaishe ta, Hajiya ta kamo hannunta ta ɗaga ta.

"Tashi, 'yata. Ni ce da ban haƙuri. Na zo da faɗa a kan abin da ban bincika ba, ke kuma ba ki rama ba."

Ba a ɗaga biki ko da kwana ɗaya ba, Kawu Ladan ɗin ne kuma ya karɓi auren, kansa a ƙasa. Ku 'yan mata da samari, ku ji da kyau: duk soyayyar da sai kun cuci bayin Allah za ta tsaya, ba ta kai a riƙe ta ba. Amatullah ta yarda ta rasa Zakiyyu a kan 'ya'yan da ba ta ma san sunansu ba, shi ya sa Hajiya, duk wanda ya tambaye ta wace ce amaryar, amsarta ɗaya ce: "Wadda zan bar wa jikokina in yi barci."