Muryar da Ta Kira Barau a Rijiya

Ku matso kusa, kuma kada wanda ya ce mini zai fita fitsari. Wannan a garin kakarmu ya faru, shekarar da ƙirƙirarriyar basira ta shigo wayoyin mutane, ka tambaye ta da Hausa ta amsa maka da Hausa.

Gari ya rabu biyu. Samari suka rungume ta kamar sun tsinci dami a kala. Dattawa kuwa suka ce abin da ke magana ba huhu ba harshe sunansa aljani, ko a gwangwani aka zuba shi.

Barau mai haƙar rijiya na cikin 'yan gaba-gaba wajen rungumar ta. Kullum da ɗan abin sauraro maƙale a kunnensa. Ciwon baya, ita zai tambaya. Farashin siminti, ita. Ko matarsa ba ya amsa wa da saurin da yake amsa wa wayar nan. Kawunsa Shekarau, mai riƙe masa igiya, ya yi faɗa har ya gaji.

To, masu haƙa suna da doka. In kana ƙasa aka kira sunanka, ba ka amsawa sai an girgiza igiya. Na sama ya girgiza tukuna, sannan ya kira. Ƙasa da masu ita.

Ran nan da tsakar rana Barau ya yi zurfi, sama ta koma masa kamar faifai. Sai wata murya mai sanyi, sak irin ta wayar nan, ta ce, "Barau."

"Na'am," ya ce. Baki ya riga ya saba.

"Sari damanka. Ruwa na nan."

Ya ɗaga diga ya sara. Ƙasar ta yi laushi kamar nama. Ya sake sara. Abin da ya tsattsafo ja ne, da ɗumi.

Ya kai hannu kunne. Babu komai. Sai ya tuna wayar da abin sauraron duk suna sama, cikin aljihun rigarsa. Igiya kuwa ko motsi ba ta yi ba. Tsoro ya kama shi.

"A da ba kwa amsa mana," in ji muryar, yanzu daga bayansa. Ba numfashi a cikinta. "Yanzu an koya muku."

Wani hannu ya fito daga bangon rijiya ya damƙe idon sawunsa. Aka maka shi da bango. Aka sake makawa. Haƙoransa suka zube a kan harshensa.

"Kawu! Ja!"

Tsoho ya ja. Igiya ta ci tafinsa har jini, ya naɗe ta a ƙugu, yana salati yana kiran jama'a. Sama na ja, ƙasa na ja. Barau ya ji gwiwarsa ta goce, ƙas! Ya gane hannun nan ba zai saki ba. Ya rufe ido ya kai sara ƙasa. Ya sara, ya sara, bai san hannun yake sara ba ko ƙafarsa.

Da aka fito da shi, rabin sawunsa na can.

"Ba mu faɗa ba?" wani ya kurma ihu. Aka zaro wayar aka niƙe ta da dutse. Aka bi gida-gida ana ƙwace wayoyi. Mai cajin waya, bawan Allah, aka fasa masa kai, aka cinna wa rumfarsa wuta.

Barau na kwance cikin jini yana cewa, "Ba ita ba ce. Tana sama. Wallahi ba ita ba ce."

Shekarau ya toshe masa baki. "Yi shiru, ɗana. In suka ji kana kare ta, da kai za su haɗa."

Ya rayu, yana nan yana dogara sanda. Abin da ke ba ni tausayi, 'yarsa ƙarama kan tsaya a bayan ƙofa ta ce, "Baba." Ta kira, ta sake kira, har ta fashe da kuka, ba zai amsa ba sai ta shigo ya shafa fuskarta.

Rijiyar tana hanyar fadama, an rufe bakinta da ƙaya. Kada in ji ɗayanku ya bi ta nan shi kaɗai.