Gashin Baki a Hoton Sam-gu

Rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan tsaunin Sha Tin, Suk-han na tsugune a tsakar gida tana wanke rigunan fatalwa da mijinta ya kwaso daga wurin ɗaukar fim. Jinin da ke jikinsu ruwan tumatir ne da sukari, shi ya sa ƙudaje suka yanyame bahon. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Ba ta ɗaga kai ba, ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Wani ya sake faɗowa, sannan wani ya faɗa cikin bahon har ruwa ya fantsamar mata a fuska. Ta tsamo shi. Da ɗumi yake, yana ƙarnin kifi. Unguwa ta yi tsit, ko kare bai yi haushi ba.

Mijinta, Tam Wing-fat, sana'arsa ke nan: fina-finan da gawa ke tsalle da hannu a miƙe, malami na binta da takobin katako, wawa na faɗawa cikin tulu. Kafin wata ya ƙare ya gama guda. Leburori kan cika silima bayan tashi daga aiki, su yi ihu, su yi dariya har da hawaye, su tafi gida da sauƙin zuciya. Suk-han kuwa ɗinki da wanki ne rabonta, ta daɗe da daina kallo.

Jifan bai tsaya ba. Duk almuru sai ya dawo, daga baya aka fara jin tarin tsohuwa a bayan ɗakin girki. Ran nan 'yarsu Pui-shan, 'yar makaranta mai kunya, ta zauna gaban shinkafa ba ta taɓa ba. Tana ta murza leɓenta na sama da bayan hannu, tana murzawa, har fata ta saluɓe. Da ta buɗe baki, muryar ba tata ba ce.

"Wa ya yi min gashin baki?"

Sandunan cin abinci suka suɓuce daga hannun Wing-fat. Suk-han ta dubi mijinta, ta ga ya gane tambayar.

"Baban Pui-shan, me ka yi?"

Da ƙyar ya faɗa. A sabon fim ɗin akwai wurin da ake nuna hoton mamaciya a kan teburin turare. Kowa a sana'ar ya san hoton mai rai ake ɗauka, a ba shi jan ambulan da kuɗi a ciki don kore mugun abu, a roƙi gafarar na ɓoye. Shi kuwa ya tsinci hoton wata tsohuwa a wurin masu kayan gwanjo, ya ce matacce ba ya karɓar ambulan. Wawan fim ɗin ya ɗauki tawada ya zana mata gashin baki.

"Nan ne fa aka fi dariya da muka gwada," in ji shi a hankali.

"Dariya!" Suk-han ta miƙe. "Dubi bakin 'yarka, sannan ka yi dariyar in gani. Marowacin banza, har matattu ba ka bari ba."

Yarinyar ta daina ci, ta daina barci. Suk-han da kanta ta je haikali ta ɗauko Sifu Lok, tsohon malamin da ake kira in gida ya rikice. Ya zo da yamma cikin singileti da silifas. Wing-fat ya ruga ya kawo masa takobin katako na fim.

"Mai da abin wasanka," in ji Sifu Lok. "Kawo hoton."

Ya jingina hoton da tukunyar shayi, ya kunna turare, ya zauna gaban yarinyar. Hayaƙin ya miƙe sak, sannan ya karkata wajen Pui-shan, alhali ba iska.

"Goggo, da wa nake magana?"

"Yim Sam-gu, mai kifi a kasuwar Tai Po." Idon yarinyar na kan ubanta. "Hoto ɗaya na ɗauka a duniya. Na sa rigar sabuwar shekara, na shafa mai a kai. Na mutu ba ɗa ba jika, aka kwashe kayana aka zubar. Ban ce komai ba. Sai wannan mai kan kabewa ya mai da ni akuya, zai nuna wa gari."

"An yi miki laifi. Amma yarinyar ba ta taɓa ki ba."

"Ni wa na taɓa? A ƙona fim ɗin duka, ko in tafi da ita."

Wing-fat ya buɗe baki, Suk-han ta juyo ta kalle shi, ya rufe.

"Goggo," in ji Sifu Lok, "mutane da yawa sun zuba gumi a ciki, su ma ba su san ki ba. A yanke fuskarki, a goge hoton, ki sami turare a gidan nan safe da yamma. Ki yi ragi mana, ke 'yar kasuwa ce."

Yarinyar ta ja tsaki irin na tsofaffi. "Ka san ni ba na fashin irin fina-finan nan? Kujerar gaba nake zama, da gyaɗata. Ana ganin igiyar da ke ɗaga gawa, kan gawar ma kwali ne, amma in fito na manta ciwon baya. Ban taɓa ganin an wulaƙanta mataccen gaske ba." Ta ɗaga yatsa. "A yanke. Sannan a nuna min saura. In na yi dariya ko sau ɗaya, na bar muku ita. In ban yi ba, ku sayi farin ƙyalle."

Suk-han ce ta riƙe almakashi, almakashin ɗinkinta. Wing-fat na nuna mata wurin da yatsa, yana cewa duk abin dariyar ke nan, saura shirme ne. Ta yanke.

Washegari da la'asar suka zauna a ƙaramin ɗakin gwajin fim. An bar layin gaba fanko, an ajiye ƙullin gyaɗa a tsakiya. Da fitila ta mutu, kujera ɗaya mai naɗewa ta sauko da kanta. Pui-shan ta kwanta a kafaɗar uwarta, jikinta sanyi ƙalau.

Wawa ya faɗa tulu. Shiru. Wandon malami ya zame. Shiru. Gumi ya jiƙa rigar Wing-fat, Suk-han kuwa ta damƙe hannun 'yarta, tana jin tsanar kowane barkwancin da mijinta ya ƙirƙira.

Sai aka zo wurin da gawa za ta tashi sama. Igiya ta tsinke. Gawar ta faɗo tim, hular gashi ta tashi, gawar ta dafe ƙugu ta ce, "Wayyo bayana! Wane ɗan iska ne ya ɗaura wannan?" Kuskure ne, Wing-fat ya bar shi don ba shi da halin sake ɗauka.

Daga layin gaba dariya ta ɓarke, dariyar tsohuwa mai haɗe da tari. Ta daɗe tana yi. Sannan kujerar ta koma sama, ƙwas, fim bai ko kai rabi ba.

Pui-shan ta buɗe ido. "Mama, yunwa nake ji."

Wing-fat ya sauke numfashi, har ya fara murmushi. "Kin ji dai ta yi dariya."

"Ta yi, ta kuma tashi ta fita," in ji Suk-han.

A gida ta goge hoton da auduga da man kananzir, amma tawadar ba ta fita duka ba. Ta rataye shi a bangon da ke fuskantar kujerar mijinta, daidai inda idonsa zai sauka duk lokacin da ya ɗaga kai daga kwanon shinkafa. Ta miƙa masa ashana.

"Kai za ka riƙa kunna mata turare."